Tana Nan, Hajiya: Malam Jalo da Jar Mesa

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu da ke Azare, kowa da inda yake dosa. Wasu su zauna teburin mai shayi, wasu su koma su rama barci. Malam Jalo kuwa ko hirar ƙofar masallaci ba ya tsayawa. Gida yake wucewa, ya ɗebi ruwa a ƙwarya, ya ɗauki wata guntuwar tsintsiya da ba a taɓa shara da ita ba, ya zagaya bayan gida wajen wani tsohon ɗakin ƙasa mai rufin soro. A bakin ƙofa yakan yi gyaran murya, don kada ya faɗa wa mai ɗakin ba zato. In ya shiga sai ya fara shaƙar iskar ɗakin tukuna, sannan ya durƙusa ya ɗora bayan hannunsa a kan yashin da ke ƙasa. Abin da hanci da hannu suka gaya masa, shi zai nuna yawan ruwan da ɗakin zai sha a ranar. Sai ya tsoma tsintsiya ya shiga yayyafi a bango, da jikin randunan da aka binne rabinsu a ƙasa, da buhunan algarara da ke rataye a taga. Ya zubar da ruwan sha na jiya ya zuba sabo, ya tsince duk ganyen da ya soma fumfuna, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo.

Katanga ɗaya ce tsakanina da shi, don haka ƙarar tsintsiyar nan, fas-fas, ita ke gaya min gari ya waye. Mai ɗakin kuwa da ake yi wa duk wannan hidima, tana kwance ƙarƙashin wani babban kasko da aka kife aka fasa masa ƙofa a gefe, ko motsi ba ta cika yi ba. Mesa ce. Amma ba irin doguwar mesar fadamunmu ba ce mai kalar ƙasa. Wannan guntuwa ce, tsawonta bai kai na mutum ba, ga kauri ya kai cinyar ƙato, jikinta jawur da zane-zanen ruwan ƙwai da baƙi. Can ƙasashen Asiya ake samun irinta, wajajen Malesiya, inda ƙasa ba ta bushewa. Ba ta da dafi. Na faɗi wannan ne don hankalin mai karatu ya kwanta. Ni dai nawa har yau bai gama kwanciya ba, daga bakin ƙofa nake kallonta.

A ƙarshen watan nan Malam Jalo zai yi ritaya daga asibitin dabbobi, bayan shekara talatin da ɗoriya. Ba likita ba ne, shi da kansa yake fara gaya maka haka. Shi ne mai kama saniya a yi mata allura, mai wanke miki, mai riƙe akuyar da haihuwa ta zo mata da gardama har likita ya iso. Daga Gamawa har Hardawa, rugagen da tsohon babur ɗinsa bai shiga ba kaɗan ne, kuma da Fillanci yake lallashin saniya da mai ita baki ɗaya. Wani makiyayi ya taɓa gaya min a kara, kasuwar shanu, cewa bijimin da ya gagari ƙarti, in Jalo ya dafa tozonsa ya yi masa 'yar magana, sai ka ga ya sunkuyar da kai. Za a yi masa walima a ofis, za a faɗi waɗannan duka, kuma kowa ya san agogon bango za a ba shi. Ni abin da na san ba za a faɗa ba nake so in rubuta, saboda ba ya cikin aikin da aka ɗauke shi.

Mesar nan asalinta ta Abdulrahim ce, autan Hajiya Larai ta unguwar bayan kasuwa. A Malesiya ya yi karatu, can ya ga irinta ya kamu da sonta. Da ya dawo ya kama aiki, sai ya sayo 'yar ƙarama a Legas wajen masu kiwon irin waɗannan halittu, ya haɗa mata akwatin gilashi a ɗakinsa, ya sa sola da na'urar sanyaya ɗaki. Mahaifiyarsa ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce duk dabbobin duniya, ga tattabaru ga zomaye, ya rasa abin kiwo sai maciji? Shi kuwa dariya yake yi, ya ce, "Hajiya, ki leƙo sau ɗaya kawai. Wallahi kalar jan goron nan ce da kike so." Ta ce in ya kuskura ya nuna mata sai ta saɓa masa. Ko hanyar ɗakin ta daina bi.

Wata rana da kaka, Abdulrahim ya yi hatsarin mota a hanyarsa ta dawowa daga Gamawa, Allah ya karɓi abinsa nan take. Ba wanda ya iya tunkarar Hajiya da maganar kai tsaye, sai aka yi yadda muka saba. Aka ce mata ya ɗan ji ciwo yana asibiti. Can an jima aka ce yana nan, amma jikin ya yi tsanani, sai addu'a. Ta tashi ta dama kunu ta zuba a fulas za ta kai masa. Tana neman mayafi ta hango ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Sai da aka share makoki, aka kashe komai na ɗakin mamaci za a rufe, sannan wani ya tuna da mesa. 'Yan uwa suka ciccibi akwatin suka ajiye shi ƙarƙashin rumfar kwano, don a saninmu ai maciji zafi yake so. Wani ya ce a kira masu wasa da maciji su tafi da ita. Baduku ya zo yana auna fatar da ido, mai maganin gargajiya ya aiko a ajiye masa kitsen. Ba mugunta ba ce, iyakar abin da muka sani game da mesa ke nan. Hajiya Larai ta ji ana ta shawara, sai ta aika a kira mata Malam Jalo, wanda ya daɗe yana duba mata ragunan layya. Ƙanenta da ke wurin shi ya ba ni labarin yadda suka yi, Malam Jalo yana zaune a zaure, ita tana bayan labule.

"Malam Jalo, ka ji abin da ya bar min."

"Na ji, Hajiya. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri."

"Amin. Ni ba zan iya ganinta ba, ko sunanta aka ambata tsikar jikina tashi take yi. Amma ba zan iya jin an yanka ta ba. Da hannunsa yake ba ta ruwa. Cikin duk abin da ya bari, ita kaɗai ce mai numfashi."

Ya murza hularsa. Can ya ce, "Hajiya, shanu na sani da awaki. Ban taɓa kiwon maciji ba."

"Na sani. Amma ban taɓa ganin ka daki dabba ba."

"To, ki bar ta a wuyana. Zan yi iya yina, sauran na Allah ne."

Ranar da ya shigo da akwatin gida, kai, an yi abin kallo! Matarsa Zinatu ta ɗaga ƙyallen da aka rufa, ta ƙwalla ƙara, sai ga ta a tsakar gidana ba ko takalmi. Ta yini wajen mai ɗakina tana cewa, "Mazan mutane suna shigowa da kaji da zabi, ni nawa maciji ya kawo min. Me na yi wa Malam?" Shi kuwa ya bi ta da lallashi kamar yadda ya saba yi wa duk mai tsoro, bai ɗaga murya ba. Ya je wajen mai unguwa da kansa ya yi bayani, ya kawo shi ya ga murfi da kwaɗo. Masu cewa a kai ta daji a saki, ya gaya musu ba 'yar ƙasar nan ba ce, in rana ba ta kashe ta ba, sandar farko da ta gamu da ita za ta kashe ta. Ya haɗa keji ya fara kiwon ɓeraye da dusa saboda abincinta. Maƙwabta kuma, don nuna zumunci, suka riƙa kawo masa ɓerayen da suka mutu a gidajensu. Yakan yi godiya sosai, ya zagaya ya binne, don ya san rabinsu shinkafar ɓera suka ci.

Tun daga makon farko ya ɗora wa kansa wata al'ada. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biya ta zauren Hajiya Larai. Su gaisa, ta tambayi iyali, can a ƙarshe ta rage murya ta ce, "Tana nan?" Ya ce, "Tana nan, Hajiya." Ta ce, "Madalla." Shi ke nan hirar, ba ta taɓa tambayar me ta ci ko yaya girmanta ba. Amma masu aikin gidan sun ce ranar Juma'a ba ta taɓa abincin rana sai ta ji wannan amsa.

Lokacin sanyi ya lallaɓa ta, yana jingina jarkar ruwan ɗumi a jikin akwatin. Sai bazara ta shigo. Wanda ya san bazarar Azare ya san ba wasa, tun hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙara, tabarma ma zafi take yi. Sola da na'urar Abdulrahim sun shiga rabon gado, Malam Jalo kuma ba mai buɗe baki ya roƙa ba ne. Mesa ta ƙi cin abinci. Saɓa ta zo mata ta maƙale gutsi-gutsi, har a kan idanu. Idanun suka lotsa, numfashinta ya koma fito-fito. Likitar wajen aikinsu, Dakta Khaulat, Allah ya saka mata, ta zo har gida ta yi mata allura, ta yi bincike ta gaya masa abin da halittar take buƙata: wuri mai sanyi-sanyi da iska mai danshi. Shi kuwa mutumin shanu ne. Saniyar da zafi ya buge, ruwa ake kwara mata. Haka ya yi ta kwara wa mesa ruwa safe da rana har shimfiɗarta ta yi sharkaf. Ba a jima ba cikinta ya yi jajayen miki, likita ta ce kwanciya cikin laima ce ta jawo. Ya bar ruwa ta bushe, ya zuba ruwa ta ruɓe. Na gan shi a kwanakin nan, mutumin da ba ya rasa fara'a ya koma zugum.

Juma'a ta zo, Hajiya ta yi tambayarta. Ya ce, "Tana nan, Hajiya, amma ba ta jin daɗi. Sai addu'a."

Sai ga labule ya ɗaga, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Ta mutu ke nan."

"Wallahi ba ta mutu ba, Hajiya."

"Haka aka ce min ranar. Yana nan, sai addu'a. Ina dama kunu ana haƙa kabari. Malam Jalo, ka dubi girman Allah, kada ka yi min irin ta ranar. In ta mutu ka ce min ta mutu."

Ya ce min a rayuwarsa bai taɓa jin nauyin magana irin wannan ba. Ya ce mata, "Daga yau in na ce tana nan, to tana nan. In ba ta ci ba zan ce ba ta ci ba. Ranar da ba ta nan kuma, ni zan fara gaya miki da bakin nan, ba aike, ba kwana-kwana."

Daga nan bai iya komawa gida ba, ƙafarsa ta ja shi kasuwa wajen Iya Risikat mai goro. Bayarabiya ce da ta yi shekaru a Azare, a nan ta haifi 'ya'yanta, Hausarta ta fi tawa daɗin ji. Bai same ta a teburi ba, aka ce tana ɗakin ajiya, ya yi sallama ya shiga. Yana sa ƙafa ya ji wani sanyi ya ratsa shi, ga ƙamshin danshi kamar an yi yayyafin farko. A waje kuwa rana tana dukan mutane ba sassauci.

Ya ce, "Iya, wace na'ura kika sa a nan?"

Ta ɗaga wata guntuwar tsintsiya ta ce, "Ga ta nan, ba ta jiran wutar lantarki."

Ya tsuguna yana kallon yadda take aiki. Ɗakin ƙasa ne, tagarsa ƙarama, an rataya mata jiƙaƙƙen buhu. Ta buɗe huhun goro ta zazzage, ta tsince masu sankara, ta canza ganyen da ya lalace, ta mayar ta rufe. Sannan ta yayyafa ruwa a buhu da bango da ƙasa. Ya ce ya ga ba ta zuba wa goron ba.

Ta ce, "Haba Malam, so kake in yi asara? Goro ɗan kurmi ne, baƙo ne a garin nan. In ka bar shi ya sha iska sai ya yanƙwane, in ka jiƙa shi sai ya ruɓe. Ɗakin ake ba ruwa, da buhu, da ganye, shi kuma ya yi ta shaƙa. Kuma kullum sai ka duba, ba a yi masa fashi."

Malam Jalo ya miƙe tsaye ba shiri. Ya ce, "Iya, ina da baƙuwa a gida, ita ma 'yar kurmi ce."

"Amarya ka yi ba mu ji ba?"

"Mesa ce."

"Subhanallahi! Fita min daga ɗaki!"

Da ya ba ta labarin Hajiya Larai sai jikinta ya yi sanyi, don ta san Abdulrahim, shi yake zuwa saya wa mahaifiyarsa goro. Washegari sai ga ta a gidan. Ta tsaya can nesa, ta tattare zani kamar mai shirin gudu, tana ba da umarni. Aka kwashe itacen girki daga tsohon ɗakin ƙasa. Aka kawo yashin rafi a amalanke aka shimfiɗa. Aka binne randuna aka cika su, don jikinsu ya riƙa tsatsafo da ruwa a hankali. Randunan kuwa na Zinatu ne, da kanta ta bayar, tana cewa ita don Hajiya ta yi, ba don wannan abar ba. A wani lungu aka ɗaga ƙasa aka zuba busasshen ganye, aka kife kasko, don cikin mesar ya kwanta a wuri busasshe alhali iskar da take shaƙa tana da danshi.

Ba a rana ɗaya aka ga canji ba. Bazarar nan ruwa ya yi wuya, sai an bi 'yan garuwa, amma ɗakin bai taɓa kwana da ƙishi ba, ko da Malam Jalo zai rage ruwan wankansa. Da rana tsaka yakan saci jiki daga wajen aiki ya zo ya ƙara yayyafi, ya shafa wa mikin magani, ya koma. Ranar da aka tura shi ruga, Zinatu ke jiƙa buhun taga daga waje, ta kau da kai tana mita. Kowace Juma'a kuma yana zaune a zauren Hajiya yana faɗin abin da yake akwai. "Tana nan, ba ta ci ba." Wata Juma'ar, "Tana nan, mikin ya soma kamewa, amma ba ta ci ba." Hajiya ta ce madalla, ta koma ciki.

Wata safiya, ana gab da faɗuwar damina, na ji an ƙwala min kira ta saman katanga. Malam Jalo ba ya ɗaga murya, don haka gabana ya faɗi, na fito a guje. Na same shi tsaye a tsakar gida, ya ɗaga wani abu fari shara-shara da hannu biyu, bakinsa har kunne. Saɓa ce, ta fita ɗungurungum daga hanci har ƙarshen wutsiya, ba ko yagewa, har da 'yan murafun idanu. Ba a yi kwanaki ba ta karɓi ɓera. Juma'ar nan ya ce, "Tana nan, Hajiya. Ta ci." Aka ce nan take Hajiya ta sa aka fito masa da ƙwaryar fura.

Malam Jalo, na Zinatu, mai tsintsiyar yayyafi. Kai ne aka ba amanar da kowa ke gudu, ka karɓa ba don ka iya ba, sai don an ce ba a taɓa ganin ka daki dabba ba. Kai ne ka yi kuskure, ba ka ɓoye ba, ba ka kuma ji kunyar tsugunawa gaban mai goro ka koyi abin da ba ka sani ba. Da yawanmu in mun ga tsohuwa cikin baƙin ciki, daɗin baki muke ba ta mu wuce. Kai gaskiya ka riƙa kai mata duk mako, mai daɗi da marar daɗi, har ta koma yarda da abin da kunnenta ya ji.

Yau shekaru sun kusa goma. Iya Risikat ce ta raɗa wa mesar suna Daushe, wato goron da ya shekara bai lalace ba, sunan kuma ya bi ta. Masu wasa da maciji sun sha zuwa neman aronta lokacin Salla, yakan ba su ruwa su sha ya sallame su. Ba ya fito da ita don a yi kallo. In zai gyara ɗaki, hannu biyu yake sawa ya tallafe ta gaba ɗaya, ya ce mai nauyi ce, in aka bar jikinta yana reto sai ta ji ciwo. Ba ya cika ta da abinci, ya ce ita ba ragon layya ba ce, ƙiba kashe irinta take yi. Bikin 'yarsa a Bauchi ma bai kwana ba. Na taɓa tsokanarsa na ce, duk wannan wahala, ta ma san ka kuwa? Ya yi dariya ya ce, "Ba ta san ni yadda saniya ke sanin mai ita ba. Ta dai daina yi min huci. Ni kuma ba don ta san ni nake yi ba."

A watan jiya wani sa ya taka masa ƙafa a kara, ta kumbura suntum, ya kwanta. Juma'a ta zo, ko masallaci bai samu zuwa ba. Na ce bari in je in gaya wa Hajiya, ya ce a'a, wannan magana ba a aike a cikinta. Yana ta kokawa da riga, ni kuma na fita neman abin hawa, sai ga keke napep ya tsaya a ƙofar gida. Hajiya Larai ce ta fito, ta tsufa, tana dogara sanda. Rabonta da unguwarmu tun kafin mesar ta zo. Ko zama ba ta yi ba.

"Na jira ka har la'asar ta kusa. Ka ce kai za ka fara gaya min. To ga ni, gaya min."

"Hajiya, ƙafata ce, sa ne ya taka ni. Ita kuwa..." Sai ya dakata, ya dube ta. "Shekara da shekaru ina ba ki amsa kina karɓa. Yau tunda Allah ya kawo ki, ga ɗakin can."

Ta tsaya ƙyam. Zinatu, wadda tun kwanciyar mijinta ita ke shiga ɗakin, ta kama hannunta ta ce, "Mu je, Hajiya. Ni ma da gudu na fara. Ko kai ba za ta ɗaga ba."

Na bi su na tsaya inda na saba tsayawa. Zinatu ta yi gyaran murya, ta ɗaga kaskon a hankali. Daushe tana naɗe a kan ganye, ba ta daɗe da yin saɓa ba, jikinta sai sheƙi yake yi. Ta zaro harshe sau ɗaya ta mayar. Hajiya ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Ashe gaskiya ya faɗa. Kalar jan goro ce." Sai muryarta ta karye. "Sau ɗaya ya ce in leƙo. Sau ɗaya kawai." Ta yi kuka sosai, Zinatu ta yi, ni ma ban iya riƙe nawa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Da ta share ido sai ta miƙa hannu a ba ta tsintsiya. Zinatu ta ce, "Ba a jikinta ba, Hajiya, a bango."

Malam Jalo, mun gode. Unguwa ta gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ƙafar nan lafiya, ya sa ka ci ritayarka cikin rufin asiri. Ku kuma masu karatu, ba cewa na yi ku je ku nemo mesa ba, ni ma ba zan nema ba. Amma kowannenmu akwai wani rai a hannunsa da ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, ko tsuntsu ne a keji, ko tunkiya a turke, ko marayan da aka bar masa. A daure a koyi abin da ran nan yake buƙata, ba abin da muka saba bayarwa ba, ko da a wajen mai goro za a koyo. In kuma mai amana ya tambaya, a gaya masa gaskiya.

Tun daga ranar nan, Malam Jalo bai ƙara zuwa zauren Hajiya Larai ba, ita ke zuwa. Duk Juma'a bayan an sauko sai ka ji keke napep ya tsaya. Ta shiga ɗakin ƙasa ita kaɗai, ta ɗan jima, in ji fas-fas ɗin tsintsiya ta saman katanga, a hankali, ba irin na safe ba. In ta fito, yana zaune a tabarma ya miƙe ƙafa, sai ya rage murya ya ce, "Hajiya, tana nan?"

Ta ce, "Tana nan, Malam Jalo. Na gan ta da idona."